Jarkokin Ɗakin Gwaggo Habsu

Shekarar da wahalar fetur ta ishi mutanen Gummi, can wajen ƙarshen mulkin soja, kowa a unguwarmu ya rame sai mutum ɗaya. Gidan mai ya koma wurin kwanan awaki. 'Yan kabu-kabu suna tura baburansu kamar masu rakiyar marar lafiya, injin niƙa kuwa sai ranar da ya ga dama yake tashi. A wannan shekarar ce Sahabi ya fara ajiye tumbi, har ya sayi hula mai tsada ya karkata ta gefe guda.

Sahabi ɗan bumburutu ne, fetur yake sayarwa a galan da kwalba a bakin titin Anka. Ya san direbobin tanka, ya kuma san inuwar da suke tsayawa a hanyar Daki Takwas su yi wata salla da ba ta cikin biyar ɗin da muka sani. Samun mai bai taɓa zame masa matsala ba. Matsalarsa wurin ɓoyo ce, domin akwai 'yan kwamiti da ke yawo da sojoji a bayan mota, in suka ga jarka su kwashe, su ƙara wa mai ita da tsallen kwaɗo.

Ɗakuna uku ne a gidansa. Nasa na kwano ne, na matarsa Saude ma na kwano. Na ukun yana can ƙurya, ginin ƙasa mai rufin azara da 'yar taga wadda ko kan kyanwa da ƙyar zai shiga. Nan Gwaggo Habsu take, ƙanwar mahaifinsa. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi tana sayen goronta da sabulunta. Mace ce mai barkwanci, in ta buɗe baki sai ka riƙe ciki.

Wata ranar kasuwa da hantsi Sahabi ya durƙusa a bakin ƙofarta, har da cire hula. Duk wanda ya san Sahabi ya san in ya cire hula to akwai abin da yake nema.

"Gwaggo, wata 'yar ajiya nika son in bari wurinki. Kwana biyu ɗai."

"Ajiyar mi?"

"Mai na, jarka biyu. Ɗakin kwano zahi garai, sai man shi tsere ta sama. Naki ko sanyi kamar randa. Kuma wa za shi shigo gidan aure har ƙurya shi leƙa ƙarƙashin gadon tsohuwa? Ko soja ya san ba-shiga."

Gwaggo ta yi dariya. "Wato yau tsuhwana ya yi rana. To aje, ɗana. Ni wa ag gare ni in ba ku ba?"

Haka jarkokin suka shiga. Kuma gaskiyar Sahabi ce, sau da yawa motar kwamiti ta tsaya a ƙofar gidan, su duba zaure, su yi sallama daga nesa, su juya. Mutanen da ba sa jin kunyar sa dattijo tsallen kwaɗo a tsakiyar kasuwa, kunyar labulen gidan aure ta kama su.

Jarkokin nan sun fi awakin Saude saurin haihuwa. Biyu suka zama jere guda a jikin bango, jeren ya hau kan jere, har aka matsar da tukwanen Gwaggo waje aka tura gadonta lungu. Sai dokoki suka biyo baya. Kada a kunna fitila a ɗakin. Kada a shiga da kaskon wuta ko da sanyi zai kashe mutum. Sahabi da hannunsa ya cusa tsumma ya toshe 'yar tagar, wai kada wari ya fita lungu ya tona masa asiri. Ƙofa kuma a riƙa ja, ko da rana.

Sannan aikin ɗura ya taso. Ba ya yiwuwa a fita da jarka bakin titi, sai an zuba a galan da kwalabe tun daga gida. Ana sa tiyo a jarka, a zuƙa da baki har man ya taho, a yi maza a saka a mazurari. Saude ta gwada sau ɗaya ta wuni tana amai, ta ce ita mai goyo ce, ba za ta ɓata wa yaro nono ba. Wannan magana ce mai kyau, ba wanda ya musa. Sahabi kuma yana bakin titi, ba zai rabu biyu ba. Da aka duba gidan kaf, mutum ɗaya ce ba ta goyo, ba ta bakin titi, ga ta kuma kusa da kayan.

Gwaggo ta iya aikin fiye da kowa. Ko ɗigo ba ta zubarwa, sai dai wanda ya kuɓuce ya wuce maƙogwaro. Takan tofar, ta goge baki da gefen zane, ta ce, "In kun ji na tashi da gudu na nuhi Bukkuyum, kada ku yi mamaki, tankina cike shike."

Abin da ya fara mutuwa sana'arta ce. Masu sayen ƙuli suka fara dawo da shi, wai yana ɗanɗanon gareji. Wata mata ta ce ta zuba man gyaɗan Gwaggo a miya, mijinta ya tambaya ko babur aka dafa. Gwaggo ta yi dariya da su, ta kife turminta, ba ta sake suya ba. Da Saude ta gaya wa Sahabi, cewa ya yi ai hutu ne ya same ta, tsohuwa kamarta me za ta yi da wahalar matsar gyaɗa.

Daga nan sai ciwon kai. Takan tashi da safe kanta kamar an ɗaura masa dutsen niƙa, in ta miƙe ƙasa ta juya da ita sai ta dafa bango. Tuwo ya daina yi mata daɗi. Da rana tsaka sai ka gan ta zaune tana gyangyaɗi, ido a lumshe, magana na fita a hankali.

Sahabi ya ce tsufa ne. Saude ta ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi aka ba ta. Da shawara ta ƙi fita, sai aka koma kan iska, aka karɓo rubutu. Ba laifi, gidan ba su yi rowar magani ba. Duk abin da aka ce yana maganin wani abu sun ba ta, in dai ba zai sa a taɓa jarka ba.

Akwai mutum ɗaya a dangin da ya san sunan ciwon tun kafin ya yi nisa. Mas'ud ne, ƙanen Sahabi, malamin kimiyya a makarantar sakandare. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci yakan zo gaida Gwaggo. Yaro mai zumunci, kowa yana yabonsa. Sai dai babur ɗinsa yakan zo da ƙishirwa ya koma a ƙoshe, ba a kuma taɓa jin an yi ciniki ba.

Wata Juma'a ya same ta a bakin ƙofa tana ɗura. Ya leƙa ɗakin, ya ja da baya yana tari, idonsa ya kawo ruwa.

"Gwaggo, nan ciki kika kwana?"

"A'a, bisa itace nika kwana. Ina kaka son in kwana?"

Ya tsuguna, ya ɗauki tsinke ya zana wani abu a ƙasa mai kusurwa shida, kamar ɗakin saƙar zuma, ya yi da'ira a cikinsa. Malami dai malami ne, ko gobara ake yi sai ya nemi allo.

"Kin ga wanga? Sunanshi benzin. Cikin man ga shike, ido ba ya ganinai. Ƙwayoyin gawayi shida na, sun kama hannun juna sun yi zobe, kamar 'yan mata wurin gaɗa. Da sun kama hakan ga, raba su sai an sha wuya."

"To mi sunka tsare ma?"

"Amfani garai, Gwaggo, ba kaɗan ba. Da shi aka yin robar bokitin ga naki, da takalmin roba, da fenti, da rinin atamfa, da gam. Har ƙwayar ciwon kai da kika sha, da zoben ga cikinta. Farin kafur ɗin da kuka sa wa tuhwahi cikin akwati, zobe biyu na manne da juna. Cikin mai ko, shi ka taimakon inji shi tahi sumul ba ƙwanƙwasa. Ƙamshin nan mai ɗan zaƙi da kika ji, har da shi."

"Ashe babban baƙo na sauka ban sani ba," in ji Gwaggo. "Da na yanka mai kaza."

Mas'ud bai yi dariya ba. "In an ɗaure shi cikin roba ko magani, lahiya lau. Amma in shina sake, mutum na shaƙa tai yau da gobe, ɓargo shika nuhwa. Can aka yin jini, Gwaggo. Sai shi kashe wurin, jini shi daina zuwa."

Gwaggo ta dubi zanen, ta dubi tafin hannunta da ya yi fari fat kamar ta wanke shi da toka. Sannan ta mayar da tiyo baki, domin galan ɗin bai cika ba kuma Sahabi yana jira.

A zaure Mas'ud ya sami wansa. Sai da ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kasuwa, ya tambayi yaro, kafin ya iso inda za shi.

"Yaya, da an samu wani wuri an maida man ga. Shi ka cin Gwaggo."

"Ni da nika wuni cikin mai tun sahe har marece, mi ya ci ni? Dube ni." Ya shafa tumbi.

"Kai kana waje, iska na kwashewa. Ita ko ɗaki ruhe, taga toshe."

"To Malam, ina zan kai shi? Ɗakin Saude, ga jinjiri? Ko ajinku zan kai, ka aje min bayan allo? Ku 'yan boko komi kun gani sai kun ba shi suna mai ban tsoro. Tsohuwa ta tsuhwa, shi ke nan. Da man ga muka ci, da shi ita ma taka ci." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Kawo babur ɗin in zuba ma, na ga kamar da turi ka iso."

Da turi ya iso kuwa. Mas'ud ya tsaya yana kallon man yana gangarawa tanki, bakinsa cike da magana, amma murfin tankin ne kawai ya buɗe ya rufe. Ranar Litinin ya shiga aji ya zana zoben nan a allo da alli mai kyau, ya ce wa ɗalibai su kula, yana fitowa a jarrabawa.

Damina ta faɗi. Sahabi ya turke wani rago tun da wuri saboda babbar Salla, fari mai baƙin wuya, yana ba shi dusa da harawa, yana kiransa Alhaji. Wata rana da la'asar hadari ya taso da iska mai ƙarfi, rumfar dabbobi ta yaye. Saude ta ja ragon ta tura ɗakin Gwaggo ta ja ƙofa, don nan ne ba ya yoyo. Da ruwa ya ɗauke aka buɗe, sai ga Alhaji ya fito yana tangaɗi, ya yi taku kaɗan ya durƙusa, yawu na zuba.

Ban taɓa ganin Sahabi ya yi gudu irin na ranar ba. Ya baro teburinsa a titi, ya faɗo gida ba ko sallama. Aka ɗura wa rago madara, aka yi masa fifita, aka ɗauko malamin dabbobi a kan babur. Sahabi ya juya kan Saude kamar zai cinye ta.

"Ke wace irin mata ta? Ki ɗauki dabba mai rai ki kulle cikin warin ga? So kike shi mutu?"

Gwaggo tana zaune a kan tabarma, ta jingina da bango. Ta ce, "Ku yi mai sannu, bai saba ba. Alhaji, haƙuri za ka yi, mu da munka daɗe ciki mun san sai a hankali."

Saude ta sunkuyar da kai. Sahabi ya yi kamar bai ji ba, yana ta shafa wuyan rago. Kashegari aka gyara rumfar dabbobi da sabon kwano, aka kuma kafa doka cewa ko kaza kada a sake bari ta shiga ɗakin nan.

Bayan damina jikin Gwaggo ya ƙara lalacewa. In ta yi asawaki sai ta tofar da jini. In ta ɗan bugi ƙafar gado sai wurin ya yi baƙi ya daɗe bai washe ba. Zazzaɓi ya mayar da ita gidansa, ya tafi ya dawo. Daga ɗakinta zuwa bayan gida sai ta huta a hanya. Barkwancin bai bar ta ba, sai dai yanzu in ta faɗi abin dariya ba ta da numfashin da za ta taya ka.

Ranar da haɓo ya ɓalle mata tun hantsi ya ƙi tsayawa har azahar, dole aka kai ta asibiti. Likitan ya ja fatar idonta ya duba, ya juya tafin hannunta, sannan ya kai hanci kusa da mayafinta.

"Baba, a gidan mai kike aiki?"

"A'a ɗana, gidan man na ka aiki wurina."

Likita ya kira Sahabi da Mas'ud gefe. Ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata. Ya ce ƙarin jini ba magani ba ne, tamkar zuba ruwa ne a tulun da ya tsage. Abin da zai taimake ta shi ne kada ta sake kwana inda fetur yake, kada ta sake taɓa shi. Sahabi ya gyaɗa kai da ladabi, ya ce in Allah ya so an gama. Mas'ud ya nannaɗe hannun riga aka ɗebi jininsa, ya fito yana jin ya sauke wani nauyi. Sahabi ya biya magani ba tare da ya yi ƙorafi ba, ya kuma tabbatar duk wanda ya zo dubiya ya ji hakan.

A asibiti Gwaggo ta farfaɗo. Ta ci tuwo, ta nemi goro, ta sa matan ɗakin dariya har ma'aikaciyar jinya ta zo ta yi musu faɗa. Da aka sallame ta ta dawo gida, jarkokin suna nan inda ta bar su, har sun samu ƙanne.

"Wanga kaya ɗai za shi ƙare, Gwaggo," in ji Sahabi. "Da ya ƙare, ko kwalba ba ki sake gani. Ɗurar ma na ɗauke miki."

Ya ɗauke mata kuwa, na 'yan kwanaki. Ya kuma zare tsumman taga, sai da aka ce motar kwamiti ta shigo gari ya mayar. Kayan kuma ba su taɓa ƙarewa ba, domin kafin na ƙasa ya tafi na sama ya iso.

Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta ja tabarmarta da 'yar matashinta ta koma ƙarƙashin rumfar girki, nan take wuni nan take kwana. Ta nemi Saude ta ba ta gefe a ɗakinta, Saude ta ce da so samu ne, amma ɗakin ƙarami ne, ga yaro yana fitsarin kwance, ga kuma maigida yana shigowa. Rumfar ma ta yi mata, ciwon kai ya ragu, har ta fara zancen sake tayar da turminta.

Sai magana ta fita. Mata masu shigowa ɗibar wuta suka gani, suka kai gidajensu, daga nan ta isa majalisar ƙofar masallaci: Sahabi ya yi kuɗi ya fitar da ƙanwar ubansa tsakar gida kamar tsohon kwando. Wani dattijo ya tare shi bayan sallar magariba ya yi masa nasiha a kan haƙƙin iyaye. Sahabi ya shigo gida ransa a ɓace.

"Gwaggo, so kike ki kunyata ni cikin gari? Ana ta hwaɗin na kore ki waje. Ga ɗakinki, ginin ubana, wa ya hana ki?"

Ta ɗago ta dube shi. Wannan karon babu wasa a muryarta.

"Sahabi, ɗakin ga na kashe ni. Ka ji abin da likita yac ce, kunnenka biyu. Ni na goye ka ranar da innarka ta kwanta ciwo. Ban roƙe ka zane ba, ban roƙe ka nama ba. Iska ɗai nika roƙo."

Wallahi da dutse aka faɗa wa wannan magana da ya motsa. Sahabi ya sosa ƙeya, sai ya yi 'yar dariya.

"Haba Gwaggo, kin hi ni ƙarhi. Ke za ki ga jikokin Saude. Rai ga Allah shike, ba ga jarka ba. Ki taimake ni ki koma, bakin mutane ya yi min yawa. Sati mai zuwa in Allah ya so zan san yadda za a yi."

Da hannunsa ya naɗe tabarmar ya kai mata ciki. Gari ya yi shiru, dattijon nan ma har ya sa masa albarka don ya ji magana. Ba wanda ya tambayi abin da ya fitar da ita tun farko, alhali rabin majalisar a wurin Sahabi suke sayen mai, sun kuma san daga inda galan yake fitowa.

Mas'ud ya ci gaba da zuwa ranar Juma'a. Yanzu yakan zo da lemo da ƙwayoyin ƙarin jini, ya zauna daga waje ya gaishe ta, ya ce ta riƙa cin zogale da hanta. Sau ɗaya ya ce zai ɗauke ta ta koma wurinsa, sai ya tuna ɗaki ɗaya makaranta ta ba shi, kuma mutane za su ce ya raina wansa. Ya bar maganar zuwa lokacin da za a ba shi gida.

Sati mai zuwa ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa. Gwaggo ta daina fitowa bakin ƙofa. Zazzaɓin ƙarshe da ya kama ta bai sake ta ba. Wata safiya Saude ta kai mata kunu, ta kira ta ba ta amsa ba. Tana kwance a lungunta, fuskarta wajen 'yar tagar da ke toshe.

Aka aika aka kira Amariya, tsohuwar da ke wankan gawar mata a unguwar, ta zo da abokiyar aikinta. Saude ta ɗora ruwa a murhu. Maza suka fara taruwa a ƙofar gida, aka tafi haƙa kabari. Amariya ta ɗaga labule ta sa ƙafa ɗaya, ta fito da baya tana toshe hanci da mayafi.

"La'ilaha illallahu! Cikin wanga abu wagga baiwar Allah taka kwana? Ku kira min Sahabi."

Ya zo ya tsaya daga nesa, ido jajur, hula a hannu.

"Ba ni wanka cikin nan," in ji Amariya. "Numfashi guda na ja, kaina ya sara. Ni da sauran kwanana. Kuma yanzu mata za su cika gidan ga, kowace da hancinta da bakinta. Ko ka hidda su, ko ka nemi mai yi ma wankan."

Sahabi bai ce ina zan kai su ba. Bai ce sai kaya sun ƙare ba, bai ce sati mai zuwa ba. Ya waiga ya yafito Mas'ud. A bayan gidan akwai tsohon rumbu, ko zangarniya ɗaya babu a cikinsa tun bara, ga inuwa, ga murfi, ba mai bi ta wurin. Su biyu suka tuɓe manyan riguna, kowa jarka biyu a hannu, suna shiga suna fita. Mas'ud yana ɗauka yana kuka kamar ƙaramin yaro. Sahabi yana cewa a yi a hankali kada a zubar.

Amariya ta sa sanda ta zungure tsumman taga. Haske ya faɗo a kan gadon, iska ta ratsa ɗakin ta fita ta ƙofa. Ashe ɗakin yana da faɗi. Saude ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ta rufe fuska da zane.

A waje masu ta'aziyya suna miƙa wa Sahabi hannu ɗaya bayan ɗaya, hannun nan nasa mai warin mai. "Allah shi jiƙanta. Kai kam ka yi ƙoƙari, ka riƙe ta har ƙarshe." Shi kuma yana amsawa da amin.

Ni dai har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Ba jahilci ne ya kashe Gwaggo Habsu ba, don akwai mai zana ciwon a ƙasa da tsinke, akwai likitan da ya faɗa da baki, har rago ya ba da shaida. Ba kuma rashin wuri ba ne. Abin da ta roƙa tana da rai aka ce ba ya yiwuwa, damina ta zo ta wuce ana cewa ba ya yiwuwa, an gama shi tas kafin ruwan wankanta ya yi ɗumi.